Maganin laushin bayan gida: yadda ake shan sa da inda bai kamata a taɓa shi ba

Jama'a, maganin da ake ba mutum don bayan gidansa ya yi laushi daban yake da maganin wankin ciki, kuma rashin gane wannan ne yake sa mutane da yawa su sha ƙwaya ɗaya da daddare, gari ya waye su ga shiru su ce ai maganin banza ne, ko kuma su ninka shi su haɗa da wani abu daban su jawo wa kansu wata matsalar da ba su da ita da farko. Waɗanda aka fi rubuta wa shi su ne mai jego da aka yi wa ɗinki ko aka yi wa tiyata aka ciro jariri, da mai basir da yake ganin jini duk lokacin da ya yi yunƙuri, da wanda duburarsa ta tsage, da wanda aka yi wa aikin gwaiwa, da mai ciwon zuciya da likita ya hana shi nishi mai ƙarfi. Abin da ake nema a wajensu duka ɗaya ne, kashin ya fito ba tare da an yi kokawa ba. Aikinsa ke nan, ba zai kora ka bayi da gudu ba kuma ba zai murɗa maka ciki ya kwashe komai ba.

Bari mu fara da abin da ke sa bayan gida ya yi tauri tukunna, don idan ka gane shi sauran bayanin zai zo da sauƙi. Abinci idan ya gama narkewa, ragowar tana gangarawa babban hanji da ruwa-ruwanta, shi kuma babban hanji aikinsa shi ne ya tsotse ruwan ya mayar wa jiki. To duk daɗewar da ragowar nan ta yi a wurin, haka za a ci gaba da tsotse ta har ta bushe ta dunƙule. Shi ya sa wanda bayan gida ya matsa shi yana kasuwa ko yana cikin mota ya danne, gobe ma ya danne, sai ka ga rana ta uku abin ya gagara. Ga zafin rana irin namu da gumi, ga ƙarancin shan ruwa, ga abincin da ya koma burodi da shayi da taliya da farar shinkafa safe da dare babu ganye. Sannan akwai magunguna da ke kawo shi kai tsaye: jan maganin ƙarin jini da ake ba mata a wajen awo, tramadol, kodin, ƙwayar kalsiyom, wasu magungunan olsa masu alminiyam, har da wasu na hawan jini. Kuma ba dole ba ne sai mutum ya yi bayan gida kullum, daga sau uku a rana har zuwa sau uku a sati duk lafiya ne muddin yana fita da laushi ba wahala. Na faɗi wannan ne don akwai masu tayar da hankalinsu idan kwana ɗaya ya wuce ba su zaga ba, su ruga kemis, alhali ba abin da ke damunsu.

Asalin maganin laushin shi ne wanda za ka ga an rubuta Docusate sodium, wato dokuset, a jikin kwali, a Amurka an fi sanin sa da sunan Colace. Yawanci kafso ne mai miligiram 100, akwai kuma na ruwa. Yadda yake aiki kamar yadda sabulu ke sa ruwa ya ratsa kwanon da ya yi maiƙo ne, yana sa ruwa da maiƙon da ke cikin hanji su shiga cikin kashin su jiƙa shi. Babba yakan sha ɗaya sau ɗaya zuwa sau uku a rana, wato miligiram 100 zuwa 300, gwargwadon yadda aka rubuta masa, kuma kar ka wuce abin da ke jikin takardar sai likita ne ya ce. A haɗiye kafson gaba ɗaya da cikakken kofin ruwa, ba a taunawa ba a fasawa. Na ruwan yana da ɗaci kuma yana iya ƙarce maƙogwaro, don haka a zuba shi cikin madara ko lemo a shanye, a kora da ruwa.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ba mutane haushi. Yana ɗaukar awa 12 zuwa awa 72 kafin a ga aikinsa, rabin kwana zuwa kwana uku ke nan. Idan ka sha yau da daddare gobe da safe ba ka ga komai ba, ba wai bai karɓe ka ba ne, ci gaba da sha yadda aka ce kana shan ruwa sosai. Ruwan nan ba ƙari ba ne a kan maganin, da shi maganin yake aiki, in babu ruwa a hanjin me zai tura cikin kashin? Mutum ya sha kafso da kurɓi ɗaya sannan ya wuni a rana yana gumi sai shayi da lemon kwalba, gaskiya ɓata kuɗinsa ya yi. Ka lura da fitsarinka, in ya yi ja ko ruwan ɗorawa mai duhu to ruwan bai ishe ka ba. Amma wanda ke da ciwon ƙoda ko ciwon zuciya da likita ya ƙayyade masa yawan ruwan da zai sha, shi ya tsaya a kan abin da aka gaya masa.

Kar a wuce sati ɗaya ana shan sa in dai ba likita ne ya ce a ci gaba ba. Illarsa ba ta da yawa, ɗan murɗar ciki ne ko zawo idan ya yi yawa, in ka ga bayan gidan ya koma ruwa sai ka rage ko ka tsaya. Idan kuma ƙuraje suka feso ko jiki ya kama ƙaiƙayi ko fuska ta kumbura, a daina nan take a nufi asibiti.

Zan faɗa muku gaskiya a kan ƙarfin maganin nan, ba shi da ƙarfi. A 2013 an yi wani gwaji a Kanada a kan marasa lafiya masu jinya ta ƙarshe, aka ba wasu dokuset haɗe da sanna, wato sanamaki mai tura hanji, wasu kuma sanna da ƙwayar da ba komai a cikinta, aka ga babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. Shi ya sa likitoci da yawa yanzu ba sa dogara da shi shi kaɗai ga wanda cikinsa ya riga ya cushe kwana biyar ko shida, ko wanda ke kan maganin ciwo mai ƙarfi. Ni a ganina inda yake da amfani shi ne rigakafi, a fara shi tun kafin abin ya yi tauri, misali daga ranar da aka yi ɗinki ko aka yi tiyata, ba a jira sai mace ta kwana huɗu tana tsoron shiga bayi ba. Wannan tsoron kuwa gaskiya ne kuma ba abin dariya ba ne, mata da yawa suna danne bayan gida bayan haihuwa don gudun kar ɗinki ya warware, dannewar kuma ita ke ƙara busar da shi. 'Yar'uwa, ɗinkin ba ya warwarewa don kin yi bayan gida mai laushi, ki samu tsumma mai tsabta ko audugar mata ki ɗan tallafe wurin ɗinkin da hannu lokacin da kike yi, zai rage miki zafi da fargaba.

A kemis ɗinmu na nan sau da yawa abin da za ka fi samu shi ne laktulos, maganin ruwa mai zaƙi mai yauƙi, wanda aka fi sani da sunan Duphalac. Shi ma laushi yake sawa amma ta wata hanyar, wani irin sukari ne da jiki ba ya narkarwa, sai ya wuce har babban hanji ya jawo ruwa ya tara a wurin. Babba yakan fara da mililita 15 safe da yamma, daga baya a rage idan abin ya daidaita, kuma a auna da ɗan kofin da ke zuwa da kwalbar, kar a kafa kai a baki ko a ɗauko cokalin cin abinci a yi kirdado. Shi ma yakan kai kwana biyu kafin ya fara aiki. Kwanakin farko yana sa kumburin ciki da tusa da ƙugi, wannan yana raguwa da kansa. Ana ba masu ciki da masu shayarwa da yara shi idan ma'aikacin lafiya ya auna musu, mai ciwon suga kuma ya sanar da likita kafin ya fara. Wani abu da ya kamata masu jinya su sani, idan kun ga an rubuta wa mai ciwon hanta laktulos da yawa har yana zagawa sau biyu ko uku a rana, da gangan ne, ana fitar masa da gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwa ne, kar ku ce ai yana zawo ku dakatar da kanku.

Yanzu ga wanda nake so ku buɗe kunne a kansa, man farafin na sha. Yana da arha, ko'ina akwai shi, tsofaffi sun saba da shi, yana sa kashi ya yi santsi ya zame. Amma dan Allah kar a taɓa haɗa shi da dokuset. Dalili kuwa, farafin an yi shi ne ya bi hanji ya fita ba tare da ya shiga jiki ba, shi kuma dokuset sai ya buɗe masa hanya jiki ya tsotse shi, ya je ya taru a hanta da wasu wurare ya haddasa kumburi. Ko shi kaɗai ma farafin yana da nasa haɗarin, in ya sarƙe mutum ya gangara huhu yana kawo ciwon huhu mai wuyar magani, kuma da yake ba ya sa tari sosai sai ya shige ba a ankara ba. Don haka ba a ba ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 3, ba a ba tsoho mai wahalar haɗiya, ba a ba wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko wanda ke kwance ba ya iya tashi zaune, kuma ba a sha a kwanta nan take. Idan aka daɗe ana sha yana hana jiki ɗaukar bitamin A da D da E da K, ga kuma yoyon mai da yake ɓata wando. Ɗura wa jariri farafin ko wani mai ana toshe masa hanci wallahi ganganci ne, a daina.

Masu tura hanji da ƙarfi kuma su ne irin su Dulcolax, ƙaramar ƙwayar nan da ake sha da daddare ta tayar da mutum da asuba, tana aiki cikin awa 6 zuwa 12, ba a taunata kuma ba a shan ta da madara ko maganin olsa sai an ba da tazarar awa ɗaya. Sanna ma haka take, ita ce sanamaki da ake sayarwa a shagunan maganin Musulunci, 'yar'uwarta kuma filasko da ke fitowa a dajinmu. Suna aiki ba shakka, kuma akwai lokacin da su ake buƙata, musamman ga mai shan maganin ciwo irin su tramadol da likita ya rubuta, don shi hanjinsa ne ya yi sanyi, laushi kaɗai ba zai fitar ba. Matsalar jiƙon da ake dafawa a gida ita ce ba ka san ƙarfin abin da ka sha ba, yau ya yi daidai gobe ya sa ka zawo har jiri ya kama ka, gishirin jiki ya zube. Mai ciki ta nisanci jiƙe-jiƙen wankin ciki da man zurma gaba ɗaya. Mai ciwon ƙoda kuma ya guji masu magniziyam, irin farin maganin ruwan nan da gishirin da ake jiƙawa yana tafasa a kofi.

Akwai halin da ba a shan ko ɗaya daga cikin duk waɗannan, ko mai laushin ko mai ƙarfin. Idan ciki ya kumbura tim, ana amai, ba kashi kuma ko tusa ba ta fita, wannan yana iya zama toshewar hanji ne kuma aikin asibiti ne a daren, ba sai gobe ba. Haka ciwon ciki mai tsanani, musamman wanda ya tsaya a ƙasan cibiya ta hannun dama da zazzaɓi, yana iya zama afendis. Haka mai gwaiwa da ta fito ta ƙi komawa ta yi tauri tana ciwo. A irin wannan hali duk abin da ka ɗura wa hanjin ƙara masa nauyi kake yi, kuma awannin da aka ɓata ana jiran magani ya yi aiki su ne suke mayar da ƙaramin aiki babba.

Sai kuma alamomin da ba na gudu a daren ba amma ba a zama da su. Jini a bayan gida da ya ƙi tsayawa ko wanda ya cakuɗe da kashin, kashi baƙi ƙirin kamar kwalta mai wari ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini, rama ba dalili, yanayin bayan gida ya canza haka kawai ya wuce sati biyu, yau tauri gobe zawo, musamman ga wanda ya haura shekara 50. Mu komai basir ne, jini basir, rama basir, ciwon baya basir, kasala basir, a haka ciwon dajin hanji yake ɓuya a bayan sunan basir ana ta shan jiƙo har sai ya yi nisa. Duba dubura a asibiti minti kaɗan ne, kunyar ta ɗan lokaci ce, kuma kana iya neman namiji ya duba ka ko mace ta duba ki.

Game da yara, kar a ɗauki na manya a raba a ba su, ma'aikacin lafiya ne zai auna da shekaru da nauyi. Jaririn da ke shan nono zalla bayan ya wuce 'yan makonnin farko yana iya kwanaki bai yi kashi ba, in dai yana shan nono da kyau, cikinsa ba tauri, ba ya amai, kuma in ya tashi yi mai laushi ne, to ƙalau yake ba ya buƙatar magani ko ruwa ko sabulu a dubura. Amma sabon haihuwa da ya kai awa 48 bai yi baƙin kashin farko ba, a kai shi a duba. Tsofaffi kuma akwai wani abu mai ruɗarwa, kashi ya daskare a ƙasa ya toshe hanya sai ruwa-ruwa ya dinga zagayowa ta gefe yana ɓata zani, masu jinya su ce Baba ko Inna na zawo su sayo maganin tsayar da zawo, abin ya ƙara lalacewa. Idan tsoho ya yi kwanaki bai yi na kirki ba sannan ya fara irin wannan yoyon, a kai shi a duba, galibi sai an yi amfani da na matsi ta dubura ko an fitar da shi a asibiti kafin na sha ya yi amfani.

Mai ciki da maganin ƙarin jini ya busar wa ciki kar ta jefar da shi, jinin nan tana buƙatar sa ranar haihuwa. Ta faɗa a wajen awo, za a iya canza mata yadda take sha ko a haɗa mata da mai laushi. Mai shayarwa da ke shan dokuset ta dinga lura da kashin jaririn, in ya koma ruwa sosai ta sanar.

Duk wannan maganin na ɗan lokaci ne, abin da zai hana a koma gidan jiya yana kicin. Miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyahu, wake, fate mai ganye, tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ya yi fari tas ba, gwanda, mangwaro, lemon zaƙi a ci da ɓargonsa na ciki ba a tsotse a yar ba, dabino, kunun tsamiya. Babba yana buƙatar kamar giram 25 zuwa 30 na harzar abinci, wato zare-zaren ganye da dusar hatsi da jiki ba ya narkarwa, a rana, kuma a ƙara a hankali don in aka tashi rana ɗaya aka cika ciki da wake da ganye kumburi zai biyo baya. Lokacin azumi, wanda shi ne lokacin da abin ya fi kama mutane, a raba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur kar a tara shi duka a minti goma na ƙarshe, a rage soye-soye, mai shan maganin sau biyu kuma ya mayar da shi buɗa-baki da sahur. Tafiyar ƙafa ko ta minti ashirin ce tana motsa hanji, mai jego ma ta dinga ɗan zagayawa a tsakar gida da zarar an ce ta iya.

Hanji ya fi motsi bayan karin kumallo, to ka ba kanka minti biyar zuwa goma a lokacin, kuma da zarar ya matsa ka ka tashi kar ka ce sai an gama hira. Tsuguno ya fi zama sauƙin fitarwa, masu masai na tsuguno kun riga kun huta, masu na zama kuma su sa ƙaramar kujera 'yar tsuguno a ƙarƙashin ƙafa yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu, a ɗan sunkuya gaba a saki ciki ana numfashi ba a riƙe shi ba. In bai zo ba a tashi a dawo anjima, zaman rabin awa a bayi ana latsa waya ana nishi shi ke kumbura basir.

Wajen saye kuma, a nemi kemis mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a karanta sunan sinadarin da ke ƙarƙashin babban sunan don kamfani ɗaya yakan sa suna ɗaya a kan magunguna daban-daban, wani mai laushi wani mai turawa, wani ma an haɗa dokuset da sanna a ƙwaya ɗaya. Kafson nan zafi na narkar da shi ya manne, kar a bar shi a mota ko a taga, kuma a ɗaga shi sama inda yara ba sa kaiwa, laktulos ma haka don zaƙinsa yana jan su. Idan sati ya cika ba canji, ka tattara duk magungunan da kake sha a leda har da jiƙo da garin gargajiya ka tafi da su wajen likita, ka gaya masa yaushe rabonka da bayan gida, yaya kamanninsa yake, da ko ka ga jini, don wani lokacin a cikin ledar nan zai ga abin da ke busar maka da ciki, wani lokacin kuma sai ya sa a gwada suga ko maƙoƙo.